Yarana Ba Sa Kwanciya Sai Ƙarfe 11:00, Shin In Ƙara Musu Malamin Gida?

Tambaya: Assalamu alaikum Malama. A Kano nake, ma'aikaciya ce ni, sai ƙarfe 4:00 nake tashi daga aiki. Yarana uku: babbar mace ce mai shekara 12, sai namiji mai 9, sai auta mai 6. Ƙarfe 5:30 na asuba nake tashin su. Ana tashi boko ƙarfe 2:00, su tsaya lesin zuwa 3:30, daga nan mai a-daidaita-sahu ya wuce da su Islamiyya, sai 6:00 su dawo. Bayan isha'i muke zaman homwok da hadda, kullum sai an yi kuka, wani lokacin har da duka, ba ma kwanciya sai wajen 11:00. Duk da haka sakamakonsu baya yake yi. Malamin mai shekara 9 ya ce gyangyaɗi yake a aji, ya ba ni shawarar in ɗaukar masa malamin gida. In ɗauka?

Amsa: Wa alaikumus salam wa rahmatullah. Kada ki ɗauka tukuna, 'yar'uwa. Yaranki ba ƙarin karatu suke nema ba, barci ne bai ishe su ba. Na daɗe ina koyarwa a firamare, na kuma shugabanci makaranta, kuma da wuya zangon karatu ya wuce ban ji irin wannan kukan naki daga bakin wata uwa ba.

Mu fara da lissafi. Yaron da ya kwanta 11:00 ya tashi 5:30 ya yi barcin awa shida da rabi. A shekarar 2016 ƙungiyar likitocin barci ta Amurka ta fitar da ma'auni, ƙungiyar likitocin yara ta can kuma ta amince da shi: yaro mai shekara 6 zuwa 12 yana buƙatar awa 9 zuwa 12 a kowace rana, mai 13 zuwa 18 kuma awa 8 zuwa 10. Yaranki duka uku suna cikin rukunin farko. Ko da mafi ƙarancin adadin muka ɗauka, kowannensu yana asarar awa biyu da rabi duk dare. Daga Litinin zuwa Juma'a an tara musu bashin barci na awa goma sha biyu da rabi. Babban mutum ma da za a yi masa haka da ya fara kuskure a wurin aiki, balle ɗan aji huɗu.

Rashin barci a jikin yaro ba kullum yake fitowa da hamma ba. Wani ya zama mai saurin fushi, wani ya kasa zama wuri ɗaya, wani a gaya masa abu yanzu an jima ya nema ya rasa. A aji sai mu malamai mu sa musu suna: wannan ba ya ji, wancan daƙiƙi ne, waccan wasa ya yi mata yawa. Alhali kuwa abin da yaro ya koya da rana, cikin barci ƙwaƙwalwa take tace shi ta adana. Idan aka gutsure barcin, an gutsure wani ɓangare na karatun da aka biya kuɗi aka koya masa. Tulun da ya cika, duk abin da aka ƙara zuba masa ƙasa ce za ta sha. Homwok ɗin ƙarfe 10:00 na dare da ake yi cikin hawaye, da safe ko rabinsa ba ya nan.

Saboda haka ki juya tsarin. Yawancin gidaje suna jera ayyukan yamma ne, duk lokacin da aka gama sai a kwanta. Ke fara kafa lokacin kwanciya, sannan ki ƙirgo baya ki ga abin da zai shiga. Tunda 5:30 ake tashi, 8:30 ya kamata manyan biyu su kasance a shimfiɗa, autan kuma 8:00 ko kafin nan. Wannan ba baƙon tsari ba ne a wurinmu. A Kano ana kiran isha'i tsakanin bakwai da 'yan mintuna lokacin sanyi zuwa takwas da 'yan mintuna a damina, wato a yi sallah a nemi makwanci ke nan. Bukhari ya ruwaito daga Abu Barza cewa Annabi, tsira da amincin Allah su tabbata a gare shi, ba ya son barci kafin isha'i da hira bayanta. Mun bar wannan ladabin ne tun da talabijin da waya suka shigo ɗaki.

To, daga 2:30 da ya kamata su iso gida zuwa 8:30 awa shida ce. Islamiyya da zuwa da dawowa ta cinye biyu da rabi. Cin abinci sau biyu, wanka, canza kaya da salloli uku za su ci kusan awa ɗaya da rabi. Saura awa biyu, kuma a cikinta za a huta, a yi wasa, a yi homwok, a biya hadda, a taya ki ɗan aiki. Ina lesin na awa ɗaya da rabi zai zauna? Babu gurbinsa. Shi ne yake ture komai zuwa dare.

Zan faɗi ra'ayina kan lesin ba rufa-rufa, ko da abokan aikina ba za su ji daɗi ba. A makarantun kuɗi da yawa lesin hanya ce ta cike giɓin albashin malamai, kuma ban ga laifinsu ba, albashin ba ya kai su ko'ina. Amma ki duba me ake yi a ciki: malami ɗaya, aji ɗaya, yaran da suke zaune tun 8:00 na safe, cikin zafin azahar, wasu ma abincin da suka zo da shi ya ƙare tun lokacin tara. Abin da bai shiga da safe ba da wuya ya shiga a wannan halin. Lesin yana da amfani ga mai shirin jarrabawar fita daga firamare, ko ta aji uku na ƙaramar sakandare, ko WAEC da NECO da JAMB, ko yaron da aka gano takamaiman inda ya makale. Ɗan shekara 6 ba shi da abin yi a lesin.

Na san akwai wata magana a ƙarƙashin wannan, ko da ba ki faɗa ba. Kina ofis har 4:00, in an tashe su 2:00 wa zai karɓe su? Uwaye ma'aikata da yawa ba don karatu suke biyan lesin ba, don a riƙe musu yara ne. Ba abin kunya ba ne, amma a kira shi da sunansa don a nemi mafitar da ta dace. Idan akwai kaka, ko gwaggo, ko maƙwabciyar da kika yarda da tarbiyyar gidanta, su sauka can su ci abinci su miƙe ƙafa, ke kuma ki riƙa aika cefane ko wani ihsani a kai a kai don kada abin ya zama nauyi. Idan babu, ki je makarantar da kanki ki sami shugaba. Ki ce za ki ci gaba da biya, amma kina roƙon a wannan lokacin su ci abinci, su yi sallah, sannan su yi homwok ɗinsu a gaban malami maimakon a buɗe musu sabon darasi. Makarantu da dama za su yarda, musamman idan ku uku ko huɗu kuka haɗa baki kuka kai maganar taron iyaye da malamai. Da wannan kaɗai kin ɗauke rabin rigimar dare.

Awar farko bayan tashi daga boko ta jiki ce, ba ta littafi ba. Ruwa, abinci mai riƙe ciki, a cire yunifom, a watsa ruwa, a kishingiɗa. Ɗanwake, garau-garau, alale, ɗumamen tuwo, duk sun fi biskit da lemon kwalba da ake tura musu a jaka. Daga Maris zuwa Mayu, lokacin da zafi kan haura digiri 40 a garuruwanmu, ƙailula ta zama dole. Minti talatin zuwa arba'in ya isa, kuma a tashe su kafin la'asar, don barcin da ya zarce yamma shi ke hana na dare. Kuma don Allah kada tambayar farko a bakin ƙofa ta zama “nawa ka ci a gwaji?” A bar ciki ya ɗauka tukuna, labari da kansa zai fito.

Sai homwok. Wani malamin jami'ar Duke ta Amurka, Harris Cooper, da abokan aikinsa sun tattara binciken shekaru masu yawa suka fitar da sakamako a 2006. Sun ga cewa a sakandare akwai alaƙa tsakanin yin homwok da ƙoƙarin ɗalibi, amma a firamare alaƙar ba ta da ƙarfi. A can akwai wata ƙa'ida da ƙungiyoyin malamai da na iyaye suka daɗe suna ambato: minti goma a kowane aji. Ɗan aji ɗaya minti 10, ɗan aji huɗu minti 40, a haka har sama. Wannan kuwa ga yaran da ba su da makaranta ta biyu da yamma. Namu da suke da Islamiyya, ni a ganina ko hakan ma ya kamata a sassauta. Idan lokacin ya cika aikin bai ƙare ba, a rufe littafi. Ki rubuta wa malami layi biyu a ƙasan shafin: ya yi minti arba'in, nan ya tsaya, bai gane lamba ta biyar ba. Malami mai hankali zai gode miki, don kin nuna masa inda darasinsa bai isa ba. Abin da ke ɓata mana aiki shi ne littafi ya dawo tsaf da amsoshin uwa ko na yaya, mu ɗauka yaro ya iya, mu wuce gaba, sai ranar jarrabawa asiri ya tonu. Duka a kan homwok kuwa ki ajiye shi gaba ɗaya. Yaron da yake satar kallon hannunki ba ya ganin abin da ke cikin littafi.

A yi homwok da sauran hasken rana in da hali, ko dai kafin tafiya Islamiyya ko da zarar an dawo. Rubutu da fitilar waya yana gajiyar da ido, ga wayar kanta tana kiran yaro.

Akwai wani abu game da makon yaranmu da iyaye ba su cika lura da shi ba. Boko tana hutu Asabar da Lahadi. Yawancin Islamiyyoyi suna hutu Alhamis da Juma'a, kuma a Asabar da Lahadin da boko ta saki yara a nan ne Islamiyya take tsawaita zama, wasu safe da yamma. Ma'ana yaron da yake yin biyun ba shi da yini ɗaya cikakke na hutu a mako. Abin da yake da shi shi ne yammacin Alhamis da na Juma'a. Waɗannan yammaci biyu ki kare su kamar dukiya. Kada a cusa musu malamin gida, kada a tara musu wankin mako. Litinin, Talata da Laraba su ne ranakun matsi, a cikinsu a yi abin da ya zama dole kawai. Duk wani aiki mai tsawo da makarantar boko ta bayar a roƙi a kai shi ƙarshen mako.

Hadda ba ta son dogon zama. Malaman allo sun san haka tun kafin mu: a biya da dare, a kwana a kai, a sake biyawa da asuba, sai ka ga ta zauna. Minti goma zuwa sha biyar bayan magariba, yaro yana karantawa da murya ke kina saurare ko da kina tuƙa tuwo ne, sannan minti biyar bayan sallar asuba kafin a shiga hidimar wanka. Wannan ya fi awa guda ana ja-in-ja da mai jin barci. Idan ƙarin da ake yi masa ya fi ƙarfinsa, ki je ki gaishe da malamin cikin girmamawa ki roƙi a rage masa ayoyi a ƙarfafa muraja'a. Aya uku da suka zauna sun fi shafi guda da zai zube kafin mako ya zagayo. Gidajen da suke ƙara makarantar dare a kan boko da Islamiyya kuwa, ga yaro ƙasa da shekara 10, ina ba su shawarar su zaɓi ɗaya tsakanin ta yamma da ta dare.

Wasa kuma ba ɓata lokaci ba ne. Hukumar Lafiya ta Duniya a ƙa'idojinta na 2020 ta ce yara masu shekara 5 zuwa 17 su sami aƙalla kimanin awa ɗaya kullum ta motsa jiki har a yi gumi. Da can ba wanda yake buƙatar a gaya masa wannan: tafiya makaranta a ƙafa, langa, ƙwallo a fili, gaɗa a dandali. Yanzu yaro daga kujerar aji sai kujerar a-daidaita-sahu, sai tabarmar Islamiyya, sai gaban talabijin, sannan mu yi mamaki ya ƙi barci ko ya addabi ƙannensa. Idan Islamiyyar tana cikin unguwa kuma hanyar ba ta da haɗari, su je su dawo a ƙafa tare. Ɗan lokacin da ke tsakanin dawowa da kiran magariba a bar su su yi tsalle-tsallensu a tsakar gida ko ƙofar gida inda ido yake kai. Da rana ta faɗi a shigo da su, kamar yadda hadisin Jabir da ke Bukhari da Muslim ya umarta a tsare yara a farkon shigar dare. Sauro ma lokacinsa ke nan.

Yanzu sai maganar da ta fi wuya, abincin dare da maigida. Ba ki ambaci babansu ba ko sau ɗaya a tambayarki, kuma wannan ma ya gaya mini wani abu. A gidaje da yawa abin da ke kai yara 11:00 ba homwok ba ne kawai. Tukunya ba ta hawa wuta sai bayan magariba, ba a ci sai 9:00, sannan a zauna jiran Baba ya dawo daga kasuwa ko majalisa da tsaraba. Ki raba abincin yara da na manya. Su ci tsakanin magariba da isha'i, ko da miyar jiya ce aka ɗumama. Ke da kike aiki, ki yi miya mai yawa ranar Lahadi in kina da wurin ajiya, ko ki soya kayan miya su yi miki kwana biyu, ki gyara wake da shinkafa tun da wuri. Shi kuma Alhaji ki same shi a lokacin da hankalinsa yake kwance, ba a gaban yara ba, ki nuna masa lissafin awa shida da rabin nan. Ki roƙe shi abu biyu: tsarabar dare a ajiye ta zama ta safe, sannan ko sau biyu ne a mako ya dawo da wuri, ya tafi masallaci da namijin, ya karɓi haddarsu. Yaro yana jin nauyin haddar da Baba zai saurara fiye da tsawa goma ta uwa. In kuwa sana'arsa ba ta bari, to ya ɗauki asuba: shi ya tashe su, shi ya saurari biyawar safe.

Ki kula da babbar 'yarki sosai. A shekara 12, a yawancin gidajenmu ita ce uwa ta biyu: wanke-wanke, shara, kai markaɗe, yi wa auta wanka, sannan a ƙarshe ta buɗe nata littafin lokacin da kowa ya gaji, alhali ita ce mai homwok mafi yawa. Ƙaninta kuma yana zaune don shi namiji ne. A raba aikin. Mai shekara 9 zai iya shara, zubar da shara, cika randa da goge takalma. Autan ma ya kwashe kwanuka ya jera takalma. Ita kuma a ware mata lokacin karatunta da ba mai aiken ta a ciki, ko da ke ce.

Waya da talabijin ba zan tsawaita ba. Daga Lahadi da dare zuwa Laraba a kashe su daga magariba, a bar kallo ga Alhamis da Juma'a da yamma. Abin da ke rushe wannan doka biyu ne: a kawo wuta ƙarfe 9:00 gida ya ɗauki ihu kowa ya watsake, da kuma uwa tana kallon fassarar Indiya ko TikTok tana ce wa yara su je su kwanta. In wuta ta zo, a sa caji, a kunna fanka, a yi guga, amma allon ya zauna a kashe har sai sun yi barci. Shayi mai ganye da lemon kwalba mai baƙi suna da sinadarin da ke kore barci na awoyi, a bar su ga safiya. Da dare kunu ko madara mai ɗumi sun fi.

Kada ki ce yau ɗaya za ki dawo da su daga 11:00 zuwa 8:30, za su yi ta juyi ne kawai ku ɓata da juna. Ki riƙa matso da lokacin da minti ashirin duk bayan kwana biyu, cikin mako biyu da 'yan kwanaki kun isa. Jerin abubuwan ƙarshe ya zama iri ɗaya kullum: isha'i, haɗa jaka, rataye yunifom da hijabi, nemo safa tun da dare, goge baki, fitsari, addu'ar barci, a saki gidan sauro. Minti goma na tatsuniya ko ƙissar Annabawa a bakin gado yana sa autan ya riƙa ɗokin kwanciya, kuma sau da yawa a nan ne yaro yake faɗin abin da ya same shi a makaranta. Idan gidan yawa kuke, ko akwai abokiyar zama da nata yaran, wuya ce ki kwantar da naki ana guje-guje a tsakar gida. Ki ja ta cikin shawarar tun farko, ku tsayar da lokaci ɗaya, don kada ranar girkin wannan a kwanta 8:30 ranar waccan a kai 11:00. Ranakun Asabar da Lahadi ma kada lokacin ya goce da fiye da awa ɗaya.

Ki ba tsarin nan mako huɗu, sannan ki koma wurin malamin ki tambaye shi ko gyangyaɗin ya ragu. Idan yaron yana samun awa tara zuwa goma amma har yanzu yana barci a aji, a kai shi asibiti. Ki gaya wa likita idan yana munshari mai ƙarfi, ko yana barci baki buɗe, ko numfashinsa yana ɗan tsayawa cikin barci, domin kumburin ƙwayoyin maƙogwaro kan hana yaro barci mai daɗi ko da ya daɗe a kwance. A duba jininsa ko ya yi ƙasa, a duba zazzaɓin cizon sauro da tsutsar ciki, a gwada idonsa da kunnensa, don yaron da ba ya ganin allo sosai kan kwantar da kai a tebur a ce malalaci ne. Idan lafiyarsa ƙalau, barci ya daidaita, amma kika ba shi littafin ajinsa ya kasa karanta shafi ɗaya ba tare da tsattsayawa ba, a nan ne malamin gida zai yi amfani. Ki ɗauki wanda zai koya masa haɗa baƙi da karatu kawai, minti talatin, Asabar da Lahadi a tsakanin zaman Islamiyya, kuma ku yi da shi tun farko cewa bayan zango ɗaya za ku zauna ku duba ko akwai sauran buƙata.